Takin Da Ta Tara Masa

Hular ce ta fara tsaya mata a ido.

Baƙar hula mai zaren ruwan ƙasa, wadda Mansura ta zauna da hannunta ta ɗinka cikin azumin bara. Ga ta a hannun wata, ana juya ta a kan yatsa, ana dariya.

Mansura ta tsaya cak a bakin layin 'yan hatsi na kasuwar Bukkuyum, kiret biyu na ƙwai a hannunta. Can ƙofar shagon taki, Nafi'u ne sunkuye yana ɗaure buhu biyu a bayan babur ɗinsa, kai babu hula, zufa na bin wuyansa. Buhu biyu farare tas, na takin zamani. Nafi'un da shekaranjiya ya zauna a zauren gidansu ya rantse mata cewa ko rabin buhu ba zai iya saya bana ba.

"Yaya Nafi'u, in ba ka ce na gode ba, hular ga Gummi za ta kwana," in ji mai riƙe da hular.

Bilki ke nan, ɗiyar Alhaji Sharu dillalin taki na Gummi. Duk ranar kasuwa ita ke zama a shagon uban, kuma duk ranar kasuwa sai ta sako sabon leshi kamar mai zuwa biki.

Nafi'u ya ɗago zai amsa, sai idonsa ya faɗa cikin na Mansura.

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Sura..."

Ta tako a hankali har gabansu.

"Sannu da aiki. Ashe arziki ya samu ba mu ji ba."

"Ba yadda kike zato ba ne. Inna ce ta aiko ni in ɗauka."

"Inna Hure ta sayi taki buhu biyu?"

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Bilki ce ta amsa, murya a sanyaye kamar mai ba da magani.

"Ai ba saye ba ne, 'yar'uwa. Tsakanin Baba da Inna Hure babu ciniki. Gida ɗaya muke... ko in ce mun kusa zama." Ta leƙa kiret ɗin. "Ke ce mai kajin nan, ko? An ce har kashinsu kike tarawa. Allah sarki, kowa da abin da ya iya bayarwa."

Mansura ta dubi Nafi'u, tana jiran kalma ɗaya. Ya miƙa hannu ya karɓi hularsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki tafi gida, Sura. Da marece ina nan tahowa, mu yi magana."

Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ta juya. Ƙwai uku suka fashe a kiret ɗin sama kafin ta kai wurin mai shayin da take kai wa, ba ta ma san lokacin da ta matse su ba.

Shekara biyu ke nan Nafi'u yana neman Mansura, an kuma sa rana bayan kakar bana. Shi manomi ne, shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsa. Gonarsu ta daji, mai ƙasa baƙa, ta fi shekara uku ba wanda ya isa ya taka ta saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Sai ta bakin gari, wadda aka nome ta har ta gaji, in ba a ba ta taki ba ko tsawon gwiwa masara ba ta yi. Ga takin zamani bana ya yi tashin da manyan manoma ma sai sun yi tagumi kafin su tambayi kuɗinsa.

Ita ma Mansura tsadar ba ta bar ta ba. Da kaji ɗari uku masu ƙwai ta fara kiwo a bayan gidansu bayan ta gama karatu. Da masara ta hau, dusa ta bi ta, sai ta dinga rage su, yau goma gobe ashirin, har suka dawo ɗari da 'yan kai. Wanda ke da hatsi a rumbu yana murna da tsada, wanda ke da baki ɗari na jiran abinci kullum safiya kuwa, shi ya san yadda take ci.

Abu ɗaya ne ya yi daraja a hannunta: kashin kajin da a da sai ta roƙi a kwashe. Tun farkon rani take share shi, ta shanya, ta ɗura a buhu. Buhu arba'in ta jera a rumfar bayan gida, ta hana kowa, don gonar Nafi'u. A gidan aka bar shi har a buƙace shi, domin yanzu ko takin gargajiya aka ajiye a gona sai an wayi gari babu.

"Wanga shi ne lefenki, rabin raina," ya taɓa ce mata yana dafa buhunan. "Daga nan zai fito."

La'asar ta yi, Nafi'u bai zo ba.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta shiga wurin kaji ta zuba musu ragowar dusar da ba ta kai rabin cikinsu ba, ta fito ta zauna bakin rijiya, waya a cinya.

Inna, mahaifiyarta, tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Na daɗe ina faɗa miki. Uwarshi idonta na ga gidan masu shi. Mace mai ɗa guda, gona ta mutu, ga mai taki ya miƙo hannu, mi kike zato?"

"Inna, don Allah..."

"Na yi shiru."

Ana shirin kiran magariba waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Mansura ce? Bilki ce. Na ga kamar kina jiran baƙo, shi ya sa na ce bari in fid da ke wahala. Ga shi nan zaurenmu a Gummi, shi da Baba, tun ɗazu suke magana. Kin san hanya ba ta biyuwa in rana ta faɗi, nan zai kwana. In gaishe shi?"

Can nesa cikin wayar, Mansura ta jiyo muryarsa. Ba ta ji abin da yake faɗa ba, amma ko cikin mutum dubu ta san wannan muryar.

Ta kashe wayar.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mata sauƙi. Abin da ta dinga gani kawai shi ne Bilki ɗauke da tire, ta durƙusa gabansa, shi kuma yana yi mata irin murmushin nan na gefen baki da ta ɗauka nata ne ita kaɗai.

Da hantsi Makau ya yi sallama. Babban manomin albasa da shinkafa ne a fadamar Gummi, mai motar ɗaukar kaya tasa ta kansa. Sau huɗu yana zuwa neman takin nan tana hana shi, kuma kowa ya san ba takin kaɗai ke kawo shi ba.

"Hajiya Mansura, yau ma a'a ce?"

Ta tsaya a bakin zaure, idanunta sun yi ja.

"Ka zo da mota?"

Ya dube ta da mamaki. "Tana bakin hanya."

"A kwashe. Duka."

"Shi mai gonar fa?"

"Ya samu wanda ya fi shi fari."

Kafin azahar rumfar ta zama wayam, sai shatin buhuna a ƙasa. Abin da Makau ya ba ta kuwa ba ta bari ya ɗumama a hannunta ba, ta aika wurin mai hatsi aka kawo masara da dusa, aka kai inji. Kaji suka ci suka ƙoshi a karon farko cikin makonni. Ta tsaya tana kallonsu, tana jiran ta ji sanyi a ranta.

Ba ta ji ba.

Bayan la'asar ta jiyo ƙarar amalanke a ƙofar gida, sannan sallamarsa.

Yana tsaye, rigar jiya ce a jikinsa, ta yi ƙura. Fuskarsa a gajiye, amma da ya gan ta sai ya yi murmushi.

"Sura, ki yi haƙuri da jiya. Waya ta mutu, hanya ta rufe. Na taho da amalanke, gobe da asuba nike son in fara zubawa, masara ta yi ganye huɗu."

"Mi za ka yi da kashin kaji, kai da ke da takin Alhaji?"

"Na maida shi."

Ta ji kamar an ɗauke iskar zauren.

"Ka... mi?"

"Na maida. Da na kai gida Inna ta faɗa mini sharaɗin. Wai in na zuba takin, sai in je gaisuwa wurin Alhaji, gaisuwa irin wadda kika sani. Na koma kasuwa na iske sun rufe, sai na bi su har Gummi. Na aje mishi buhunan gabanshi, na ba shi haƙuri, na ce ni an riga an sa mini rana." Ya gyara tsayuwa. "Buɗe mini ƙofar baya, shanun ga na aro ne."

Ta kasa motsi. Shi ya wuce ta lungun da ya saba bi, ya leƙa rumfar.

Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo, muryarsa ba ta ɗaga ba.

"Ina yake?"

"Bilki ta kira ni... ta ce kana zaurensu... na ji muryarka, Nafi'u."

"Ina yake, Mansura?"

"Na sayar."

"Wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Makau."

Wata irin dariya ya yi, gajera, marar daɗi. "Makau. Duk manoman ƙasar ga, Makau. Wanda ke aje mota ƙofar gidanku yana tambayar farashin abin da ya san ba na sayarwa ba ne. Jira yake, ke kuma kika buɗe mishi."

"Kai fa? Gabana ta yi mini gori, ba ka ce uffan ba. Kuma kada ka ce mini ba ka san sharaɗin da ke cikin buhunan ba tun a kasuwa."



"Na sani," ya ce. "Ban ji daga bakin kowa ba, amma na sani. Na ɗauka duk da haka. Na kai gida na zauna ina kallonsu, na tuna gona, na tuna Inna, har raina ya raya mini abin da bai kamata ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni na tashi na maida. Ke yini guda kika kasa jira."

Ya juya ya kaɗa shanun. Amalanken ya tafi yana ƙara, babu komai a cikinsa.

A nan kukan ya zo.

Washegari ta kira Makau, ta roƙe shi ya mayar mata ko rabi.

"Ai an watsa shi tun jiya," ya ce. "Amma in taki kike so wa yaron nan, ni ina iya ba shi na zamani buhu huɗu. Ki dai ba ni dama in turo manya."

"Allah shi kiyaye," ta ce, ta kashe.

Mako uku Nafi'u bai tako ƙofar gidansu ba. Labarinsa sai a bakin mata masu zuwa sayen ƙwai. Wai masararsa ta yi rawaya. Wai an ga Bilki ta kai wa Inna Hure ziyara har sau biyu, da leda cike da kaya. Duk sanda Mansura ta ji sunan, sai abincin ranar ya gagare ta. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga.

Ba ta kira ba. Tsintsiya ta ɗauka.

Safe da yamma tana share ɗakin kaji, tana shanya abin da ta samu a daɓen rumfa, in hadari ya taso ta kwashe da gudu, in ya wuce ta sake bazawa. Ta san ɗanye ƙone shuka yake yi. Ta bi gidajen maƙwabta masu tumaki da tantabaru tana ba da ƙwai ana ba ta shara. Hannunta ya yi kanta, warin ya kama mayafinta har Inna ta daina yi mata magana a kai.

Buhu tara ta haɗa.

Ranar da ta ɗauki hayar amalanke, Inna ta tare ƙofa.

"Budurwa da rana a kanta, ki bi namiji gona? Mi za a ce?"

"An riga an faɗi wanda ya fi shi, Inna. Ni na ɓata, ni zan kai."

Inna ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta jawo nata mayafin. "To ba ki tafiya ke ɗaya."

Gonar ta fi yadda aka ba ta labari muni. Masara siririya, ganye rawaya, ga ta maƙwabcinsa kore shar har ta kai ƙugu. A tsakiyar kunyoyi wata tsohuwa ce duƙe da ƙwarya, tana ɗibar tokar murhu tana zuba wa kowane tushe da hannu.

Inna Hure ce.

Mansura ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta amsa ba sai da ta gama kunyar da take kai.

"Ke ce kika sai da abincin ɗana don haushi."

"Ni ce, Inna."

"Ni kuma na so in sai da shi kanshi don tsoron yunwa, ya ƙiya. Kwana biyu bai ci tuwona ba." Ta dubi amalanken. "Wanga fa?"

"Abin da na samu ke nan. Ba shi da yawa."

Ba ta jira izini ba. Ta kwance buhu, ta cika kwano, ta shiga kunya ta fara zubawa.

"Ba nan ba."

Muryarsa ce, daga bayanta. Ya taho daga ƙarshen gona da fartanya a kafaɗa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Kin matsa ga tushe da yawa. Ja baya kamar taƙi guda, ki tona kaɗan, ki rufe."

Ya durƙusa gefenta ya nuna mata. Idonsa ya sauka a kan hannunta, duk ya faffashe. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kai ki, Sura?"

"Kishi ya kai ni. Ka yafe mini."

"Ni ma na bar ki tsaye cikin kasuwa ana yi miki dariya. Kullum sai na tuna."

Ta share ido da bayan hannu. "An ce ta zo gidanku sau biyu."

"Sau uku."

Ta ɗago da sauri.

"Na farko ina gona. Na biyu na fita ta baya. Na uku Inna da kanta ta ce mata ta daina wahala." Ya ɗan murmusa. "Shi kuma mai motar?"

"Ya ce zai turo manya. Na ce Allah shi kiyaye."

"Da ƙarfi kika faɗa?"

"Har kaji sunka firgita."

Daga can inuwar kalgo Innar Mansura ta yi gyaran murya. "In kun gama, rana na yi."

Buhu tara ba su isa ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin uku na gonar suka samu, shi ma a makare. Nan ne kaɗai masara ta farfaɗo ta yi goyo, sauran ta tsaya a tsaye ba ta ba da komai ba sai kara. Da kaka ta yi, abin da aka sussuka kaɗan ya ɗara na ci. Waken da ya tsarma tsakanin kunyoyi ne ya rufa asiri.

Dangin Mansura suka ce a ɗaga biki sai baɗi, ba za a kai ɗiyarsu da akwati guda ba. Ana cikin wannan magana a tsakar gida sai ga Inna Hure ta yi sallama, ita kaɗai, da sandarta. Ta zauna a tabarma, ta ƙi shan ruwa sai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Akwati guda muke da shi, ba ni ƙara ko ɗankwali don in burge kowa. Wanda ya san farashin taki baɗi ya faɗa mini, sai in jira. Ni dai na ga yarinyar ga duƙe cikin gonata tun hantsi har la'asar, kwana uku. Ita nike so. In kun ba mu, mun gode. In kun hana, gobe ma ina nan tahowa."

Kowa ya juya ga Inna, mahaifiyar Mansura.

Inna ta dubi ƙofar ɗakin da ta san Mansura na laɓe a bayanta, ta sauke numfashi.

"Ni ma ina wurin, na gani," ta ce. "Sha ruwanki, Hure. Ranar da anka sa, ita ce."

Aka ɗaura aure ranar Asabar bayan an gama shigar da dawa. Ba a yi taro mai yawa ba. Da yamma, da aka zo ɗaukar amarya, mota ɗaya ce ta mata, sai amalanke biyu a bayanta ɗauke da kejin kaji suna ta kuka, yara na bi suna dariya.

Nafi'u na tsaye a ƙofar gidansu cikin farar shadda. Da aka fito da ita lulluɓe, ta zo wucewa ta gabansa, sai ta rage tafiya, ta yi magana ta cikin mayafi yadda shi kaɗai zai ji.

"Wace ce waccan mai jan gyale da ke ta kallonka?"

Ya waiga, ya ƙunshe dariya.

"Ɗiyar kawuna ce, Sura. Goyonta biyu."

"To," ta ce. "Na dai tambaya."

Ta sa ƙafar dama ta shiga.